Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda ake shirin tafiyar ƙaro sani ƙasar waje daga Kano

Makon jiya wata ƙanwata a wajen aiki ta faɗo ofis tana rawar jiki, waya a hannu. "Anti, an ɗauke ni!" Na karɓi wayar na karanta saƙon, na rungume ta, muka yi hamdala. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Anti, gobe don Allah ki raka ni Sabon Gari in sayi akwati." Na ce ta zauna tukuna, ta nuna min fasfonta. Fasfon yana gida. Da aka turo mata hotonsa muka duba, saura wata biyar ya mutu.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, aikina bibiyar mata masu juna biyu a ƙananan asibitocin unguwanni, kuma a 2023 na yi mako shida a wata jami'a da ke gabashin Amurka, a irin shirin nan da ake ɗaukar ma'aikaci mai 'yar gogewa a kai shi ya ga yadda takwarorinsa ke aiki, ya dawo gida. Irinsu suna da yawa. Akwai Mandela Washington Fellowship da aka fara a 2014, na matasan Afirka 'yan shekara 25 zuwa 35. Akwai Hubert Humphrey, shi wata goma ne, na waɗanda suka ɗan yi nisa a aiki. Birtaniya tana da nata a ƙarƙashin Chevening da Commonwealth. Kowanne da sharuɗɗansa, amma ɗawainiyar barin Kano kusan iri ɗaya ce. Da mace zan yi magana, tunda mace ce ta tambaye ni, amma namiji ma zai tsinci nasa a ciki.

Ranar da saƙo ya iso, ki ɗauko fasfo, katin NIN, da kwafin fom ɗin da kika cike lokacin neman shiga shirin, ki jera su a kan tabarma ki karanta sunanki harafi bayan harafi. Mu Hausawa a nan muke faɗawa rami. A takarda ɗaya Aisha, a wata Aishatu. A nan Muhammad, a can Mohammed. Ranar haihuwa kuma wani mai kafe ya sa miki 1 ga Janairu ba tare da ya tambaye ki ba. Ni matsalata ta aure ce: fasfona sunan mahaifina yake ɗauke da shi, takardun aiki kuwa tun bayan biki na mayar da su sunan maigida, kuma da shi na cike fom. Takardar da masu shirin suka turo min, wadda da ita ake neman biza, ta zo da sunan da babu shi a fasfo. Na rubuta musu a daren, na haɗa da hoton shafin fasfo. Sun gyara ba tare da wata magana ba, amma sai da na yi kwana goma sha ɗaya ina jira, ga ranar tafiya tana matsowa. Da tun farko na kwafi sunan daga fasfo, da ban ga wannan tashin hankalin ba.

Ƙasashe da yawa da kamfanonin jirage suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, don haka ki lissafa daga ranar dawowa, ba ranar tafiya ba. In bai kai ba, ki fara sabuntawa a makon. Hukumar shige da fice tana da ofishin fasfo a Farm Centre, ana cike fom a biya kuɗi ta intanet, sannan a je ɗaukar hoto da zanen yatsa. Akwai mai shafi 32 na shekara biyar, akwai mai shafi 64 na shekara goma. Bayanan fasfo sai sun dace da na NIN, in akwai saɓani sai an fara gyarawa a hukumar NIMC, kuma gyaran ba a ranar yake hawa ba. Da kanki za ki biya, rasit ya fito da sunanki. Kada ki miƙa kuɗi da takardunki ga wani mai zama a bakin ƙofa don ya ce yana da hanya.

Daga nan sai wajen aiki, kuma a nan nake so in daɗe, don na ga waɗanda suka tafi da murna suka dawo suka tarar an tsayar musu da albashi. Kafin ki sa komai a Facebook ko sitatus, shugabanki ya ji daga bakinki. Babu abin da ke ɓata ran babba kamar ya ji labarin na ƙasa da shi a bakin mutane. Ni da safe na shiga wurin daraktanmu, na gaishe shi, na ajiye wasiƙar gayyata a gabansa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya ɗago.

"Madalla, Hajiya. To asibitoci huɗun da kike zagayawa fa, wa zai riƙe su?"

"Ranka ya daɗe, ga shi na rubuto."

Na miƙa masa shafi guda: wace ce za ta riƙe kowane asibiti, ranakun awo, rahoton wata da wanda zai haɗa shi, inda makullin kabad ɗin rajista zai zauna. Waɗanda na sa sunansu duk na riga na roƙe su sun amince. Ya karanta, ya ce, "Allah ya sa a dace. Rubuto a hukumance."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce maganar. "Allah ya kiyaye hanya" da shugaba zai ce miki addu'a ce, ba izini ba ne. Ki rubuta takardar neman izini ta bi ta hannun shugaban sashenki, ki maƙala kwafin gayyatar, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki. Amsar da za a ba ki ta ƙunshi abu uku: ranar tafiya, ranar komawa aiki, da matsayin albashinki, da shi za ki tafi ko babu. Sannan ki bi fayil ɗin da ƙafarki. Zuwa da kai ya fi aike. Nawa ya yi kwana tara a kan wani tebur saboda mai teburin ya tafi taro, kuma ba wanda ya sani sai da na je na tambayi masinja cikin girmamawa, shi ya gano min shi a ƙarƙashin wasu. Da izinin ya fito na yi kwafi uku, ɗaya a jakata, ɗaya wurin abokiyar aikina, ɗaya wurin maigida. Ina can aka kira tantance ma'aikata a wajenmu, kowa ya zo da kansa. Wannan kwafin aka kai, shi ya tsaya a madadina. Mai aiki a kamfani ko ƙungiya ma haka, ko da mai wurin ɗan'uwanki ne, a rubuta.

Gida kuma ya fi ofis nauyi. Maigidana tun ina cike fom ya sani, shi ya ma karanta min rubutun ya gyara, don haka ban same shi da labari bagatatan ba. Ina roƙon duk mai aure ta yi haka: shawara tun ranar nema, ba ranar da tikiti ya fito ba. Amma yardar miji ba ta ɗauke miki zuwa wurin manya. Mun je gidan surukata a Gwale bayan la'asar, na durƙusa na gaishe ta, shi ya yi bayani. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, "Yaran fa?" Na ce, "Hajiya, abin da ya kawo mu ke nan. In kin amince, ƙanwata za ta dawo gidan ta zauna da su, ke kuma ki riƙa sa ido." Ta ce, "Auta dai a kawo min ita nan." Haka aka yi. Da na yanke komai ni kaɗai na zo ina sanar da ita, na san ba haka fuskarta za ta kasance ba.

Yayana kuwa maganar muharrami ya tayar, kuma ban ga laifinsa ba, tambaya ce ta addini. Ba mu tsaya musu a tsakar gida ba. Ni da shi da maigida muka je wurin malamin da dukkanmu muka yarda da iliminsa, na faɗa masa yadda tafiyar take ba ƙari ba ragi: su wa za mu tafi tare, ina za a sauke mu, ɗakin mata daban ne ko a'a. Ke ma ki samo amsoshin nan a rubuce daga masu shirin kafin ki je, don malami ba zai yi miki fatawa a kan abin da ba ki iya bayyanawa ba. A zaman ne ma ya tuna min cewa a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya daina kasaru, saboda haka kasaruna a hanya ne kawai.

Na sayi littafi mai bango ja na rubuta gidan gaba ɗaya a ciki. Kuɗin makaranta da ranar biya, kuɗin Islamiyya, lambar mai adaidaita sahun da ke kai yara, lambar mitar wuta, mai kawo ruwa, maganin da ɗana na biyu ke sha in asma ta tashi da inda katinsa na asibiti yake, ranar zubin adashi da wadda zan bar wa kuɗin. A shafin ƙarshe na rubuta bashin da ake bina da wanda nake bi, har na mai kayan miya, na sa hannu. Wasu suna jin nauyin wannan kamar kiran mutuwa ne. Addininmu ya kwaɗaitar da rubuta wasiyya ko mutum yana kan gadonsa lafiya lau, balle mai ƙetare teku.

Kuɗin cefane ki bar shi da rara mai kauri. Na gama lissafina a tsakiyar Mayu, na ɗaure komai a ambulan. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, cikin kwana biyu litar fetur ta kusa ninkawa uku, kuɗin mota ya tashi, kayan masarufi suka bi baya. A tsakiyar Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Lissafin da na yi bai kai ko'ina ba. Abin da ya cece mu shi ne buhun shinkafa, gero, wake da jarkar mai da na riga na saya na ajiye. In kina da hali, ki bar abinci, ya fi ki bar takardar kuɗi. Ki kuma duba kalanda ki ga abin da zai faɗo ba kya nan. Ni Babbar Sallah ce, ranar Laraba 28 ga Yuni. Tun kafin in tafi na shiga Kantin Kwari na yanko wa yara kaya, na kai wa tela, na tsaya a kansa har ya gama, na goge na jera a akwatinsu kowa da sunansa. Duk da haka ranar sallar na yi kuka a ɗaki, ba zan ɓoye ba. Amma da aka turo hotonsu cikin sabbin kaya, hankalina ya kwanta.

Ku tsayar da lokacin waya tun a gida. Gabashin Amurka yana bayan Kano da awa biyar a lokacin zafinsu, awa shida a lokacin sanyi. Landan kuwa daidai take da mu a lokacin zafi, ta koma baya da awa ɗaya a hunturu. Ni hutun cin abincin rana na zaɓa, ƙarfe ɗaya a can, shida na yamma a nan, daidai dawowar yara daga Islamiyya.

A 2023 da na yi tawa tafiyar, biza ba ta da wuya in takardu sun daidaita. Ta irin wannan shiri a Amurka sunanta J-1. Masu shirin za su turo takardar DS-2019, ke kuma ki cike fom ɗin DS-160 a intanet. Ki cike da kanki, ko ki zauna kusa da mai cike miki kina karanta kowane layi, don abin da aka rubuta ke za a tambaya. Tun 2019 fom ɗin yana neman sunayen da kike amfani da su a shafukan sada zumunta na shekara biyar baya, kada ki ɓoye ko ɗaya. Hoto mai farin bango, ba tabarau, hijabi ba matsala muddin fuska ta fito gaba ɗaya. In gwamnatin Amurka ce ta ɗauki nauyin shirin, yawanci ba a biyan kuɗin biza, saboda haka duk wanda ya ce ki turo masa kuɗi ya sama miki rana, ki tambayi masu shirin kafin ki taɓa asusunki. Ana ganawar neman bizar a ofishin jakadanci a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas, babu a Kano. Ki isa Abuja ana gobe, kada ki dogara da hanyar Zariya da Kaduna a safiyar ranar. Ba a shiga da waya ko babbar jaka. Tawa ganawar ba ta kai minti uku ba, ta bayan gilashi: me kike yi, ina za ki, yaushe za ki dawo. Ki amsa gajere, ki faɗi gaskiya. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun sha canzawa tun daga 2025, don haka abin da ofishin jakadancin da masu shirin suka rubuto miki a wannan makon shi ne abin bi, ba labarin wadda ta je bara ba. Mai zuwa Birtaniya fiye da wata shida kuma sai ta yi gwajin tarin fuka a cibiyar da suka amince da ita.

Akwai sharaɗin da ke kan mafi yawan masu J-1 da gwamnati ta biya wa: sai sun dawo ƙasarsu sun yi shekara biyu kafin su nemi bizar aiki ko ta zama a can. Za ki haɗu da masu raɗa miki cewa ki ɓace kawai, kowa ma haka yake yi. Ki toshe kunnenki. Amana aka ba ki, kuma duk wadda ta gudu ta ƙuntata ƙofa ga 'yan Kano goma da ke bayanta.

Lafiya a taƙaice. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, yalo kad, jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, suna da ofis a filin jirgin Malam Aminu Kano. Allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, kuma tun 2016 ta zama sau ɗaya a rayuwa. Ko ƙasar da za ki ba ta nema ba, ana iya tambayarki a inda za ki canja jirgi. Jami'o'in can suna turo nasu fom na rigakafi, ki kai wa likita da wuri. Maganin hawan jini, sukari ko asma ki tafi da wanda zai kai ki har dawowa, cikin kwalinsa na asali, da wasiƙar likita, a jakar hannu. Inshorar da ake ba mu ta haɗari da ciwon da ya taso ce, ba ta ɗaukar komai, kuma haƙori da ido suna da tsada sosai a can, ki gyara su a nan. In zazzaɓi ya kama ki bayan isa, kalmar farko da za ki faɗa wa likita ita ce daga ƙasar cizon sauro kika zo, don ba shi ne zai fara zuwa musu a rai ba.

Kuɗin guzuri da shirin ke bayarwa ba lalle ya shigo hannunki a ranar farko ba. Ki riƙe 'yan daloli na kwana uku zuwa huɗu, da ƙananan takardu a ciki, na ɗaya da biyar da goma. Ki fara tambayar bankinki ko za su sayar miki da kuɗin guzurin tafiya, kuma ko katinki zai yi aiki a waje. In Wapa za ki, ki tafi da wanda ya san ɗan canjin, ki ƙirga a gabansa, ki ƙi tsofaffin takardu da masu yagewa. Layin wayarki kada ki bar shi a gida: lambar sirrin da banki ke turowa a kansa take sauka, in ba shi ba za ki iya tura ko sisi gida ba. Ki je ofishin kamfanin layin a buɗe miki shi ya yi aiki a waje, ki sa masa kati. Soket ɗin Amurka ba irin namu ba ne, wutarsu kuma 120 ce, tamu 230. Cajar waya da ta kwamfuta suna ɗaukar duka biyun, adafta kawai za ki saya, akwai a kasuwar waya ta Farm Centre. Dutsen guga da hita ki bar su. Birtaniya soket ɗinsu irin namu ne.

Akwai shirin da ba a gani a jaka, kuma shi ne dalilin tafiyar. Ki zauna ki rubuta tambaya ɗaya da kike so ki dawo da amsarta. Ɗaya tak. Tawa ita ce: mace ta zo awo sau ɗaya ta ɓace, ta yaya ake gano ta kafin ranar haihuwa? Na tafi da shafin rajistarmu wanda ba a rubuta komai a kai ba, da alƙaluman asibitocina huɗu na shekara guda ba tare da sunan kowa ba, da izinin ofis. Duk asibitin da aka kai mu, wannan nake tambaya, har aka haɗa ni da wata nas da aikinta ke nan. Waɗanda suka je ba tambaya sun dawo da hotuna masu kyau. Ki kuma koyi gabatar da kanki cikin minti ɗaya da Turanci, ki maimaita a gaban madubi ko gaban 'ya'yanki, don za ki faɗe shi ya fi sau hamsin. Mu an tarbiyyantar da mu da kunya, faɗin abin da ka yi kamar yabon kai ne. A can in kika yi shiru sai a ɗauka ba ki da abin faɗa. Ki faɗi aikinki da adadi, ba ƙari. Za a tambaye ki Kano, ki san garinki: ƙananan hukumomi 44 a jihar, Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, marinar Ƙofar Mata da har yau ake rini a cikinta. Ki buga katin suna ko guda hamsin ne.

Sai yanzu akwati. Tikitinki zai faɗi adadin kaya, yawanci kilo 23 kowane akwati, ki auna a gida ki bar wurin tsaraba. Lokacin zafi na je, amma sanyin na'urar ajujuwansu ya sa kullum ina cikin suwaita. Mai tafiya a hunturu ta leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ta samo jaket mai kauri guda ɗaya da za ta sauka da ita, sauran ta saya a can. Takalmi mara tsini, don za ki yi tafiyar ƙasa da ba ki saba ba. Abaya da hijabai masu saurin bushewa, da atamfa ko leshi kala biyu na ranar taro. Dadduma mara nauyi. Buta ƙarama, ko gorar ruwa da za ki ware, domin bayinsu takarda ce kawai. A gabashin Amurka alƙibla arewa maso gabas take, ki sa manhajar salla a waya. Ranar zafinsu doguwa ce, magariba tana wuce ƙarfe takwas, isha ta kai kusan goma. Ki rubuta wa masu shirin tun yanzu cewa abincin halal kike ci kuma kina buƙatar lokacin salla. Ni na rubuta, kuma na tarar sun tanada. Humra da duk wani ruwa da ya wuce mililita 100 a babban akwati, fawa bank a jakar hannu. Fasfo, DS-2019, wasiƙar gayyata, adireshin masauki da lambar wanda zai tare ki, duk a ambulan ɗaya a jikinki, a takarda, don waya tana iya mutuwa. Kyauta kuma ki shiga Kurmi: ƙananan jakunkunan fata, maɓallin makulli, mafici. Ba su da nauyi, kuma wanda aka ba yana tambayar labarinsu.

Abinci na ɗauki yaji, garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa da zoɓo, kowanne a leda mai haske na rubuta sunansa. A filin jirgin da muka sauka aka tambaya ko ina ɗauke da abinci, na ce e, aka buɗe aka duba aka mayar min. Ki faɗa ko da kina ganin ba komai ba ne, ɓoyewa ce ke jawo tara. Nama kuwa, ɗanye ko busasshe, ba a shiga da shi Amurka daga nan, haka Birtaniya.

Daren da zan bar Kano, bayan isha, Yaya ya yi sallama da ƙunshi a hannu, mai ya huda takardar. Kilishi ne ya je har Agadasawa ya sayo, mutumin da wata guda baya yake cewa bai ga dalilin tafiyar ba.

"Ga wannan, ki riƙa taɓawa. An ce abincinsu ba gishiri."

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Sai dai ba a shiga da nama."

"Busasshe ne fa."

"Ko busasshe ne, karɓewa za su yi su zubar."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a shimfiɗa tabarma. Muka baje shi a tsakar gida, da yara da ƙanwata da maigida, aka yanka albasa, muka ci har ya ƙare. Ya yi mana doguwar addu'a muka shafa. Auta ta yi barci a cinyata da yaji a baki. Ban sulale na bar ta tana barci ba, na riga na faɗa mata tun da rana cewa zan yi tafiya, na zana mata gidaje a takarda ta riƙa shafe ɗaya kullum a gidan Hajiya. Da asuba na tashe ta muka yi sallama, ta yi kukanta, na yi nawa, motar Abuja tana jira a ƙofar gida.